Dabbobin Da Ke Rakiyar Mamata: Daga Igbo-Ukwu Zuwa Nok, Zuru Da Ƙasar Maya

Duk wanda ya taɓa sauka a Upper Iweka da ke birnin Onitsha, wanda Hausawa ke kira Anacha, ya san wurin da cinkoson motoci da hayaniyar 'yan kamasho. Nan ne hanyar da ta tsallako gadar Kogin Kwara take rabuwa, wata ta nufi Inugu, wata ta gangara Owerri da Fatakwal, kuma nan ne da yawa daga fataken Arewa ke fara taka ƙasar Ibo. Kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da wannan mahaɗa, a ƙaramar hukumar Aguata ta Jihar Anambra, akwai garin Igbo-Ukwu. A can aka tono ɗaya daga cikin kaburbura mafi muhimmanci a tarihin Afirka ta Yamma: kabarin wani babban mutum da aka binne fiye da shekara dubu da suka wuce, tare da siffar ƙoƙon kan damisa, da mahayin doki, da hauren giwa.

Al'ummomi da dama na zamanin da sun riƙa ƙera siffofin dabbobi da yumɓu ko tagulla, su ajiye su a cikin kabari ko a bisansa. An yi haka a Igbo-Ukwu da ƙasar Zuru da Bura ta Jamhuriyar Nijar, akwai alamunsa a ƙasar Nok, an kuma yi shi a can nesa, a ƙasar Maya da ke tsakiyar nahiyar Amurka. A wurin masu su, waɗannan dabbobi bayani ne game da mamacin: matsayinsa, aikinsa da abin da aka yi imani zai tarar bayan mutuwa. Sai dai wannan bayani yana karantuwa ne kawai idan an tarar da abin a inda aka ajiye shi. Da zarar an tumɓuke shi daga kabarinsa a ɓoye, abin da ya rage kayan ado ne mara labari.

Yadda aka gano Igbo-Ukwu

A wajajen 1938 ne wani mazaunin garin, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwan sama a gidansa, sai fartanyarsa ta ci karo da kayayyakin tagulla. Wani jami'in mulkin mallaka na yankin, J. O. Field, ya sayi da yawa daga cikinsu, ya kuma wallafa bayaninsu a 1940. Shekara ashirin bayan nan Sashen Kula da Kayan Tarihi na Nijeriya ya gayyaci masanin tonon kayan tarihi ɗan Ingila, Thurstan Shaw, wanda ya yi aiki a wurin daga 1959 zuwa 1960, ya kuma koma a 1964. Cikakken rahotonsa ya fito cikin juzu'i biyu a 1970.

Wurare uku Shaw ya tona, dukkansu a gidajen 'yan'uwan juna, aka kuma raɗa wa kowane wuri sunan mai gidan. Igbo Isaiah ma'ajiya ce ta kayan sarauta da na tsafi, waɗanda aka tarar a jere kamar yadda masu su suka bar su. Igbo Richard shi ne kabarin. Igbo Jonah kuwa rami ne da aka zuba tukwane da ƙasusuwan dabbobi da toka da wasu kayan ƙarfe a cikinsa da gangan. Gwajin kabon ya nuna cewa kayan sun faro ne daga wajajen ƙarni na 9 na Miladiyya, ɗaruruwan shekaru kafin jiragen ruwan Turawa su iso gaɓar Afirka ta Yamma.

Kabarin ɗaki ne da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa aka lulluɓe bangonsa da katako. An zaunar da mamacin a kan kujerar katako mai ado da ƙusoshin jan ƙarfe, an sa masa kambi da allon ƙirji na jan ƙarfe da mundaye, ƙafarsa na bisa hauren giwa. An samu haure uku a ɗakin. Kusa da shi akwai siffar ƙoƙon kan damisa ta tagulla a kan dogon sandan jan ƙarfe, da wata ƙota da aka ƙera a siffar mutum bisa doki. Duwatsun ado da aka tattara a kabarin sun haura 100,000, jimillar na wuraren uku kuwa ta kai kimanin 165,000, na gilashi da na jan dutse. A saman rufin ɗakin an tarar da ƙasusuwan mutane aƙalla biyar, waɗanda ake ganin 'yan rakiya ne.

Maƙeran Igbo-Ukwu sun yi amfani da hanyar zubi. Ana fara ƙera siffar da kaki, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sa'annan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Tagullar tasu haɗin jan ƙarfe ce da kuza da dalma. Binciken da aka yi wa ƙarfen ya nuna cewa wani kaso nasa ya fito ne daga ma'adinan yankin Abakaliki, wato kusa da gida. Duwatsun gilashin kuwa da yawansu daga nesa suka zo, ta ɓangaren Masar da Gabas ta Tsakiya, an kuma samu makamantansu a Gao da ke Mali. Ke nan tun a wancan zamani akwai hanyar fatauci da ta haɗa kurmin Kudu da ƙasashen bakin Sahara.

Abin da dabbobin ke faɗa

Babu rubutu a Igbo-Ukwu, saboda haka masana suna fassara dabbobin ne ta hanyar duba inda aka same su da kuma al'adun Ibo da suka wanzu har zuwa ƙarni na 20. Masanin al'adu M. A. Onwuejeogwu ya danganta kabarin da sarautar Eze Nri, sarkin da ikonsa na addini ne, wanda mazauninsa ba shi da nisa da Igbo-Ukwu. Ɗaya daga cikin hujjojin shi ne tsagar fuska da ke kan siffofin mutanen da aka tono, wadda ta yi daidai da tsagar ichi ta masu muƙami a ƙasar Nri.

Damisa ce ta fi kusa da mamacin. Ban da ƙoƙon kan da aka kafa a kabarin, akwai wani kasko na tagulla a siffar katantanwa da damisa ke tsaye a bisansa, da kuma abin rataye mai siffar kanta. A yawancin ƙasashen kurmi damisa ce sarauniyar dawa, kuma ita ce alamar mai ikon zartar da hukunci. Giwa ma ta bayyana ta fuska biyu: haurenta na gaske a ƙarƙashin ƙafar mamacin, da ƙananan kawunanta na tagulla da ake ratayawa. Har yau hauren giwa na daga cikin alamomin masu muƙamin ozo a ƙasar Ibo. Kan rago mai murɗaɗɗun ƙahoni yana tunatar da ikenga, gunkin katako mai ƙaho da namiji kan ajiye a matsayin alamar ƙarfin damtsensa da nasararsa.

Maciji ya fi kowace dabba yawan fitowa. Ana ganinsa a nannaɗe jikin kawunan sanduna, wani lokaci yana haɗiye ƙwai, wani lokaci kwaɗo. A yankin Idemili, tsakanin Onitsha da Igbo-Ukwu, al'adar gargajiya ta haramta kashe mesa, wadda suke kira eke, domin ana ɗaukarta a matsayin 'yar aiken abin bautar kogin. Halittar da ke shiga rami ta fito, ta kuma saɓule tsohuwar fatarta ta ci gaba da rayuwa, ta dace da tunanin mutanen da ke ganin matattu suna ƙarƙashin ƙasa amma ba su rabu da rayayyu ba.

Abin da ya fi bambanta Igbo-Ukwu da sauran wurare shi ne ƙwari. Maƙeran sun ɗora fara da ƙudaje da buzuzu da ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo a jikin kwanuka da kayan rataye, an fitar da kowane da ƙafafuwansa da fukafukansa. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce wadda ta danganta su da noma. Daga cikin ayyukan Eze Nri akwai yi wa doya addu'ar albarka da kare gonaki daga fara da sauran ƙwari masu ɓarna. Idan haka ne, ƙwaron da ke jikin kayan sarki shaida ce ta abin da talakawa ke jira daga gare shi.

Magina tukwane ma ba a bar su a baya ba. A ramin Igbo Jonah an samu wata babbar tukunya mai hannaye biyar, an zane jikinta da zurfafan layuka, an kuma ɗora mata siffofin maciji da kan rago da hawainiya da wata halitta mai doro da ake ganin kunkuru ce. Samun dabbobi iri ɗaya a jikin yumɓu da tagulla ya nuna cewa magina da maƙera harshe ɗaya suke yi.

Mahayin dokin kuwa yana da muhimmanci na musamman ga mai karatu Bahaushe. Doki ba ya daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, don haka duk dokin da aka gani a can daga Arewa ya gangaro. Wannan ƙota na cikin tsofaffin siffofin mahayi da aka sani a Afirka ta Yamma. A wasu sassan ƙasar Ibo, musamman yankunan Nsukka da Abakaliki, doki ya zama dabbar da ake yankawa wajen karɓar muƙami ko jana'izar babban mutum, kuma har yanzu fatake na kai dawaki daga Arewa zuwa kasuwar Obollo-Afor da ke Jihar Inugu.

Nok: biri, giwa da mutum mai bakin tsuntsu

A Arewa, labarin ya faro ne daga ramukan haƙar kuza. A 1928, kusa da ƙauyen Nok da ke Jihar Kaduna ta yanzu, ma'aikata suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu mai kama da na biri. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan, na mutum, daga yankin Jama'a, bayan ya yi shekara guda a gonar doya yana aikin korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa salon biyun ɗaya ne, ya raɗa wa al'adar sunan Nok. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, shi ne ya zama matattarar kayan.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka shiga tono na ƙa'ida. Sakamakonsu ya nuna cewa al'adar Nok ta faro ne daga wajajen shekara 1500 kafin Miladiyya, kuma an soma ƙera siffofin yumɓu tun kusan shekara 900 kafin Miladiyya. Ƙasar yankin tana da tsami, tana cinye ƙashi, shi ya sa ba a samun gawarwaki. Amma an riƙa tarar da tukwane a gefen jerarrun duwatsu, wani lokaci da sarƙar duwatsun wuya a kwance kamar tana wuyan mutum, alamun da masanan suka fassara da kaburbura. A kusa da irin waɗannan wurare akan samu ramuka cike da siffofin yumɓu da aka farfasa da gangan aka binne. Daga nan ne ra'ayin cewa siffofin Nok suna da alaƙa da jana'iza da tunawa da kakanni ya yi ƙarfi.

Maginan Nok sun ƙera birai da macizai da kan giwa mai idanu irin na mutum. Sun kuma ƙera halittun da rabinsu mutum ne, rabi dabba, kamar mutum mai bakin tsuntsu ko mai haƙoran namun dawa. Wasu masana suna ganin waɗannan hoton masu dodo ne sanye da fuskokin dabbobi, wasu kuma suna ganin hoton boka ne da aka yi imani yana rikiɗa.

Giwayen Zuru da mahayin Bura

Misali mafi bayyana na dabbobin yumɓu a kan kabari yana ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, a wurin al'ummar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. A nan ba a buƙatar hasashe mai yawa, domin al'adar ta kai har ƙarni na 20, an kuma rubuta bayaninta daga bakin masu ita. Mata ne ke ginin, kuma wasu gidaje ne kaɗai suka gaji sana'ar, uwa ta koya wa 'yarta. Ana kewaye kabari da duwatsu, a jera tukwane a kansa. Kabarin talaka yakan samu tukwanen gida. Na manyan maza kuwa, irin su sarakuna da shugabannin tsafi da gwanayen farauta da kokawa da noma, shi ake ɗora wa siffofi na musamman: dabbobin dawa, da mahaya, da wata babbar siffa da ake kira giwa, wadda ta fi sauran daraja. Yawancin dabbobin an ɗaga kawunansu sama, bakunansu a buɗe, yanayin da ake fassarawa da kukan makoki. Mai wucewa yana iya sanin matsayin wanda ke kwance tun daga nesa.

A Jamhuriyar Nijar, a yankin Tera da ke yammacin Kogin Kwara, an gano maƙabartar Bura a 1975. Masanin tarihi Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya tona ta a 1983, ya tarar da tulunan jana'iza 630 a ɗan ƙaramin fili, an kifa su bakinsu na kallon ƙasa, da yawansu da siffar kan mutum a bisa. Zamaninsu ya kama daga ƙarni na 3 zuwa wajajen ƙarni na 13. Mafi shahara a cikin kayan shi ne siffar mahayi a kan doki, hannunsa cike da mundaye. A Bura, kamar a Igbo-Ukwu, doki shi ne alamar mutumin da ya fi ƙarfin tafiya a ƙasa.

Kiran babban mutum da sunan dabba ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Maroƙa da makaɗan fada suna kiran sarki zaki ko giwa ko ɓauna, ana ce wa jarumi namijin duniya toron giwa, ana yi wa damisa kirari da ƙi-sabo. Tarihin Daura ma ya ginu ne a kan macijiyar rijiyar Kusugu. Bambancin shi ne Bahaushe ya adana wannan fasaha a harshensa, yayin da Dakarkari da mutanen Bura suka gasa tasu a yumɓu. Da Musulunci ya kafu, jana'iza a ƙasar Hausa ta koma likkafani da ƙasa kawai, babu rakiyar dukiya. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙaramar hukumar Mani a Jihar Katsina, inda aka tono mundayen hauren giwa da kayan zinariya da kwanon tagulla, su ne shaidar yadda ake binne sarakuna kafin wannan sauyi ya kammala.

Ƙasar Maya, inda rubutu ya taimaka

Maya al'umma ce da ta gina birane a kudancin Meksiko da Guatemala da Belize da sassan Honduras da El Salvador. Zamanin bunƙasarta ya kama daga wajajen shekara ta 250 zuwa 900 Miladiyya, wato ƙarshensa ya zo daidai da farkon Igbo-Ukwu. Babu wata hulɗa tsakanin al'ummomin biyu. Amfanin kwatanta su shi ne Maya sun bar rubutu, an kuma iya karanta shi, saboda haka abin da ake hasashe a Nijeriya a can ana iya tabbatar da wani sashe nasa.

Shahararrun siffofin jana'izarsu sun fito ne daga Jaina, wani ɗan tsibiri a gaɓar jihar Campeche ta Meksiko. An ƙiyasta kaburburan tsibirin sun kai 20,000, an tona fiye da 1,000. Akan sa wa mamaci ɗan koren dutse mai daraja a baki, a ɗora masa siffar yumɓu a ƙirji ko a hannu. Wasu siffofin da hannu aka gina su, wasu kuma a mazubi aka buga su da yawa. Da dama daga cikinsu cikinsu rami ne: wasu usur ne da ake busawa, wasu kuma an zuba musu ƙananan ƙwallayen yumɓu suna ƙara kamar caki. Akwai mata masu saƙa, da mayaƙa, da 'yan wasan ƙwallo, da tsofaffi, da dabbobi. Shuɗin fentin da ke jikinsu, wanda bai koɗe ba har yau, an haɗa shi ne da wani irin farin yumɓu da ganyen wata shuka 'yar'uwar baba, wadda marinan Ƙofar Mata a Kano suka sani sarai.

Babbar dabbar Maya ita ce jaguwa, damisar Amurka, wadda suke kira balam. Sarakuna suna zama a kan fatarta, suna kuma sa sunanta a cikin nasu, kamar Itzamnaaj Bahlam na birnin Yaxchilan da K'inich Kan Bahlam na Palenque. Da yake dabbar dare ce, an danganta ta da rana a lokacin da take ratsa ƙarƙashin ƙasa bayan faɗuwarta. Littafin Popol Vuh na ƙabilar K'iche', wanda aka rubuta a ƙarni na 16, ya kira duniyar matattu Xibalba, ya nuna mujiya a matsayin 'yar aiken sarakunanta, ya kuma ambaci ɗakin jemagu daga cikin wuraren gwaji da ke can. Biri shi ne majiɓincin marubuta da masu zane. Zomo abokin allahiyar wata ne. Kunkuru kuwa doron ƙasa ne, kuma ana zana abin bautar masara yana fitowa daga tsagewar ƙoƙon bayansa, hoton iri da aka binne ya sake tsirowa.

A 1989 masana suka warware wata kalma a rubutun Maya da ake karantawa way. Tana nufin wani ruhi, sau da yawa mai siffar dabba, da ke haɗe da mutum ko gidan sarauta. Wannan ya sauya yadda ake kallon dabbobin da ke jikin tukwanen kaburbura. A 2006 kuma, a tsohon birnin El Perú-Waka' da ke arewacin Guatemala, aka buɗe kabarin wani sarki na ƙarni na 7, aka tarar da siffofin yumɓu 23 a jere kamar taron fada. Akwai sarki da sarauniya da fadawa da mawaƙa, sa'annan ga siffar mamacin a durƙushe, wata barewa mai tsayuwar mutum na gefensa kamar tana yi masa jagora. Da a ce ɓarayi ne suka riga isa wurin, da siffofin sun watsu a hannun masu saye daban-daban, da kuma babu wanda zai san cewa barewar da sarkin tare suke.

Abin da haƙar ɓoye ke cinyewa

Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da siffofin yumɓu da ake kira na Katsina da na Sakkwato. Sun cika kasuwannin kayan tarihi na Turai da Amurka, amma kusan dukkansu ta hanyar haƙar ɓoye suka fita, ba tare da bayanin ramin da aka ciro su ba. Ƙasar Nok ta sha irin wannan wawaso musamman a shekarun 1990. Bura ma, bayan an nuna kayanta a wani baje-koli da aka fara a Faransa a 1993, mahaƙa sun afka wa maƙabartun yankin. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina da Bura a ciki. A wannan shekarar ce aka yi ta ce-ce-ku-ce kan siffofin Nok biyu da na Sakkwato guda da Faransa ta saya ta baje a birnin Paris. An sasanta a 2002, Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Dokar Nijeriya a bayyane take. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono ba tare da izini ba, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da su daga ƙasa ba tare da takarda ba. Wannan ya shafi manomi da mai haƙar ma'adinai, ya kuma shafi dillali da direban da za a ba kwali a tasha a ce ya kai Legas ko Kwatano. Wanda ya ci karo da tsohuwar tukunya ko siffa a gona ko wurin gini, abin da ya dace shi ne ya dakatar da haƙa, ya bar kayan a yadda suke, kada ya wanke su, ya sanar da mai unguwa ko gidan tarihi mafi kusa. Hukumar tana da gidajen tarihi a Kano da Kaduna da Jos da Katsina da Sakkwato, haka nan a Inugu da Fatakwal.

Igbo-Ukwu kanta ta ɗanɗani ɓangarorin biyu. Kayan da aka fara cirowa a 1938 sun rarrabu, wasu suna Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, kuma sai da Shaw ya tona ragowar ma'ajiyar kafin a fahimci yadda aka jera su. Kabarin Igbo Richard kuwa an bi shi a tsanake, ana auna matsayin kowane ƙashi da kowane dutsen ado, har aka gane cewa a zaune aka binne mamacin, aka san inda haure yake da inda kan damisa yake. Yawancin waɗannan kaya suna Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas.